Mota Mai Giyar Hannu Tana Mutuwa Wajen Tsayawa: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Mota tana tafiya lafiya, tana ja, ba ta tari, amma da an zo shataletale ko an tarar da cunkoso a bakin Gadar Kennedy aka taka birki, sai allurar inji ta faɗi, fitilun tablo su kama, inji ya ɗauke. A murɗa makulli ta tashi nan take, a je mahaɗa ta gaba ta sake. Wannan matsala ta yi yawa a motocin Yamai, daga tasi ƙirar Starlet da Corolla har Peugeot 406 da Hilux, kuma maganin da aka fi yi mata shi ne wanda bai kamata a fara da shi ba, wato a ɗaure sukurun totur a ɗaga ralanti, juyin da inji yake yi idan ba a taka totur ba. Mota takan daina mutuwa na ƴan kwanaki, amma matsalar tana nan, ga ƙarin shan mai, ga giya ta fara wuyar shiga.

A daidai lokacin tsayawa direba yana yin abubuwa uku kusan tare: yana ɗage ƙafa daga totur, yana taka birki, yana taka kuloci. Kowanne daga cikinsu yana iya kashe inji, kuma gyaran kowanne daban ne. Saboda haka aikin farko shi ne a raba su, a gwada kowanne shi kaɗai. Wanda ya tsallake wannan ya tafi Katako sayen fiyes, sau da yawa ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Kafin komai, a san abin da ke faruwa idan inji ya mutu mota tana gangarawa. Sitiyari zai yi nauyi amma yana juyawa. Birki yana da sauran taimakon iska na taku biyu ko uku, daga nan sai ya yi tauri, don haka a taka sau ɗaya a riƙe, kada a yi ta famfo. Kuma kada a mayar da makulli baya har ƙarshe mota tana tafiya, sitiyari zai iya kullewa.

Tambayoyi kafin a ɗauki sifana

Makanike nagari yakan fara da tambayar mai mota. “Alhaji, da safe take yi ko sai ta yi zafi? Kilim a kunne ko a kashe? Tana karkarwa kafin ta mutu, ko ɗaukewa take yi kamar an kashe makulli? Me aka yi mata kwanan nan?” Amsoshin suna rage rabin aiki. Mutuwa da karkarwa tana nuna iska, mai ko kuloci. Ɗaukewa farat ɗaya tana nuna wuta. Wadda take mutuwa in ta yi zafi kuma ta ƙi tashi sai ta huce minti goma ko ashirin, a fara zargin sansar da ke auna juyin karanshaf ko bobin, mai ƙarfafa wutar da ke zuwa buji. Idan matsalar ta fara ne bayan an cire batir, ko an wanke inji da ruwa mai ƙarfi, ko an canza kuloci, ko an sha mai na kwalba wajen ƴan ruwa-ruwa, to a can za a fara dubawa.

Akwai kuma hannun direba. A ƙaramar mota, idan tana giya ta huɗu aka rage gudu zuwa kilomita 20 a awa, inji ya riga ya sauko bakin ralanti. Wanda bai taka kuloci ba a nan, ko ya taka rabi, zai kashe motar da ba ta da ciwon komai. Idan tana mutuwa a hannun mutum ɗaya ne kawai, a ba wani gogaggen direba ya zaga da ita kafin a buɗe kapo.

Gwajin da yake raba matsalar

A bar inji ya yi zafi sosai, har fanka ta kama sau ɗaya. A tsaya a wuri mai shimfiɗa, a ja birkin hannu, giya tana furi, fitilu da kilim a kashe. A dubi agogon juyin inji. Yawancin motocin fetur suna zama tsakanin juyi 700 da 900 a minti idan sun yi zafi. Motar da ba ta da wannan agogo, a saurara da kunne ko a jona na'urar diyagnostik.

Da farko a ba ta wuta zuwa juyi 3000, a saki totur farat ɗaya. Allura ya kamata ta sauko ta ɗan dakata sama da 1000, sannan ta zauna a mazauninta. Idan ta zarce ƙasa zuwa 400 ko 500 tana karkarwa, ko ta mutu, matsalar tana cikin inji ne, kuloci da birki ba su da laifi tukuna.

Na biyu, ƙafa ba ta kan kuloci, a taka birki da sauri sau biyar ko shida, sannan a danne a riƙe. Ɗan motsin allura ba komai ba ne. Amma idan ana jin huci daga ƙarƙashin tablo, inji yana rawa duk tsawon lokacin da ƙafa take kan birki, ya daidaita da an saki, to mastabak ne, gwangwanin da ke ƙara wa birki ƙarfi da iska.

Na uku, har yanzu a furi, a taka kuloci har ƙasa a dubi allura. Bai kamata ta faɗi ba. A ƙirga daƙiƙa biyar, a saka giyar baya ba tare da an saki kuloci ba. Idan ta yi gurnanin haƙora, ko a giya ta ɗaya mota tana son rarrafawa gaba, allura tana sauka, kuloci ba ya rabuwa.

Na huɗu, a kunna manyan fitilu da kilim, a juya sitiyari har ƙarshe na ɗan lokaci. Inji mai lafiya yakan ɗan nutse ya farfaɗo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Daga nan a fita hanyar da babu jama'a. A kai gudun kilomita 40, a fitar da giya zuwa furi, a saki kuloci, a tsaya da birki kaɗai. A maimaita da giya a ciki da kuloci a take. Idan a furi ma ta mutu, kuloci ba shi da laifi. Idan sai da giya a ciki take mutuwa, shi ne.

Idan kuloci ne

Kulocin da ba ya rabuwa yana barin inji a haɗe da tayoyi ko da an taka shi har ƙasa, to da birki ya tsayar da tayoyin sai ya tsayar da inji tare da su. A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A ɗaga tabarmar ƙafa. Tabarma mai kauri, ko guda biyu da aka ɗora kan juna, tana hana feda sauka santimita biyu ko uku na ƙarshe, kuma a can ne kuloci yake gama rabuwa.

Sai a auna wasan feda, wato tazarar da take tafiya da sauƙi kafin a ji nauyi. A Toyota masu kulocin mai, milimita 5 zuwa 15 ne. Wasan da ya yi yawa yana cinye tafiyar da ya kamata ta tura faifai. A mota mai kulocin waya, a duba ko wayar ta miƙe ko ta fara tsinkewa a bakinta, a daidaita ta da notin da ke gefen giya in akwai shi.

A mai kulocin mai, a duba gwangwanin man. Wasu motoci nasu daban ne, wasu kuma suna sha daga na birki. A yi famfon feda sau biyar da sauri a sake gwada giyar baya. Idan yanzu ta shiga shiru, iska ce ta shiga layi ko robobin famfo sun gaji. A leƙa saman feda da tocila, jiƙewa a jikin sandar da ke shiga famfon sama, wanda feda ke turawa, alama ce yana yoyo ta ciki. A janye robar ƙura ta famfon ƙasa da ke jikin giya, in mai ya zubo shi ma ya tafi. Akwai wata alama da ba ta ƙarya: a saka giya ta ɗaya, a riƙe kuloci a ƙasa rabin minti da ƙafa a kan birki. Idan a hankali mota ta fara ja, famfon sama yana sakin mai ya koma baya. Wannan ne yake kashe mota a dogon jira a danja.

Wajen cire iska ana bukatar mutum biyu. Ɗaya ya taka sau uku ya riƙe a ƙasa, ɗayan ya buɗe ɗan notin cire iska na famfon ƙasa kwatan juyi, mai da kumfa su fita, ya rufe kafin a saki feda. A maimaita har mai ya fito ba kumfa, ana cika gwangwani kada ya ƙafe. DOT 3 ko DOT 4 ake zubawa, yadda aka rubuta a murfi. Man inji ko man sitiyari yana kumbura robobi ya lalata famfunan biyu cikin ƴan kwanaki.

Idan famfo da waya suna tura cokalin kuloci sosai amma bai rabu ba, sai an sauke giya. A can za a iya samun faifai ya lanƙwashe, ko haƙoran sandar giya sun yi tsatsa faifan ba ya zamewa a kansu (yakan faru bayan mota ta ratsa ruwan damina ta yi kwanaki a ajiye), ko mai daga bayan inji ya jiƙa faifan ya yi danƙo, ko ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar karanshaf, wanda bakin sandar giya ke juyawa a cikinsa, ya kama. Idan matsalar ta fara ne ranar da aka sa sabon kuloci, a yi zargin an juya faifan baibai ko an kawo wanda ba nata ba.

Akwai wani abu da ba a cika tunawa da shi ba. Idan a furi, taka kuloci kawai yana saukar da allura sosai, ko dai boris ɗin kuloci yana kamawa, kuma za a ji kukansa, ko kuma wasoshin da ke hana karanshaf motsin gaba da baya sun cinye. Da inji a kashe, a sa ƙarfe a tura fulin gaban inji ciki da waje. Wasan da aka yarda da shi a injinan Toyota ƙanana bai wuce milimita 0.3 ba, ido ba ya ganinsa. In ana ganin motsin ko ana jin ƙwas, a daina hawa motar har a gyara, domin yana iya cinye bulok.

Idan birki ne

Mastabak, wannan baƙin gwangwani mai faɗi da ke bayan famfon birki, yana aiki da zuƙar iskar inji ta wani tiyo mai kauri. Idan robar cikinsa ta tsage, duk taka birki yana buɗe wa inji ƙofar iskar da ba a auna ba, mai ya yi kaɗan, inji ya mutu. A tabbatar haka: a kashe inji, a taka birki sau biyar har ya yi tauri, a riƙe, a tayar da inji. Feda ya kamata ta ɗan nutse. Sannan a matse tiyon da filaya, an naɗa tsumma kada ya tsage, a sa wani ya taka birki. In inji bai ƙara rawa ba, an kama shi. A duba tiyon kansa da ɗan bawul ɗin da ke kansa da robar da yake shiga, wani lokaci su ne kawai suka bushe da zafi. Wannan gwaji na tsaye ne, ba a tuƙa mota da tiyon a matse ko a toshe. A motar gazuwal mastabak yana samun iskarsa daga famfo daban, saboda haka yoyonsa yana taurara birki amma ba ya kashe inji.

Idan ralanti ne, a motar injekta

Nan ne mafi yawan matsalar take. Idan aka ɗage ƙafa, papiyon, wato murfin da ke maƙogwaron totur, yana rufewa, inji ya koma numfashi ta ƴar siririyar hanya. Haka kuma kwamfutar mota tana yanke mai gaba ɗaya yayin gangarawa da giya, ta mayar da shi idan juyi ya sauko kusa da ralanti. A wannan daƙiƙar dole iska da mai su dawo daidai. In hanyar iskar ta toshe, allura sai ta wuce ƙasa.

Abin da ke toshe ta shi ne tururin mai da ke fitowa daga murfin inji, ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo. A Yamai da Tawa, musamman daga Disamba zuwa Fabarairu lokacin hunturu, wannan yana taruwa da sauri. Filtar iska da aka yi ta hurawa da kwamfaresa har ta huje, ko wadda ba ta zauna daidai a akwatinta ba, ƙura take tura wa inji kai tsaye.

A kashe inji, a bari ya huce. A kwance babban tiyon iska daga maƙogwaron totur. A mai totur na waya, a buɗe papiyon da hannu, za a ga baƙin zobe daidai inda bakinsa yake kwanciya. A fesa maganin wankin karburata a kan tsumma mai tsabta a goge zoben, a goge bakin papiyon gaba da baya, a sa tsohon buroshin haƙori inda yatsa bai kai ba. Kada a kankare da wuƙa ko sanfefa. Sai a cire bawul ɗin ralanti da ke manne a jiki ko ƙarƙashin maƙogwaron. A Toyota irin 4A-FE akwai ƙananan tiyon ruwan zafi da ke bi ta cikinsa, kuma sukurorinsa masu taushi ne, in ba a sa sukuddireba daidai da su aka danna da ƙarfi ba, kansu zai lalace. A wanke ɓangaren da iska ke bi har ƙofar ciki ta riƙa juyawa ba tare da maƙalewa ba, a kiyaye magani kada ya shiga ɓangaren wuta. A Peugeot irin 206 da 406 masu fetur, galibi ƙaramin moto ne mai tsinin kai. A goge tsinin da ramin da yake zama, amma kada a ja shi ko a tura shi da hannu. A sa sabon gasket, domin tsohon da ya tsage yana kawo sabuwar matsala.

Motocin da totur ɗinsu na wuta ne, babu waya, ba su da bawul na ralanti daban, papiyon ne da kansa yake yin aikin. A irinsu a cire makulli, a goge a hankali, kada a fizgi papiyon da ƙarfi, kuma kada yatsa ya shiga ciki kontak a buɗe.

Bayan wanki, ko bayan an cire batir, kwamfuta tana bukatar sake sabawa. A tayar da mota, a bar ta ta yi zafi, ta yi minti biyar zuwa goma a ralanti ba fitila ba kilim, sannan wasu mintuna da kilim, sannan a zaga da ita ana tsayawa ana tashi. Wasu motoci, musamman na Turai, sai an yi musu da na'ura. Ƙaramin sukurun da papiyon yake tsayawa a kai, wanda yawanci aka ɗiga wa fenti, daga kamfani aka daidaita shi da sansar totur. Murɗa shi yana sa kwamfuta ta daina gane cewa an ɗage ƙafa, ta daina riƙe ralanti. In an riga an taɓa shi, dole a mayar da shi a sake auna sansar.

In wanki bai raba gardama ba, a nemi ɓarauniyar iska. A lanƙwasa babban tiyon iska a duba cikin ninkinsa. Tsaguwa a nan takan buɗe ne idan inji ya ɗan tuntsura lokacin birki, shi ya sa a tsaye ba a gane ta. A bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya ana matsewa, wanda aka matse inji ya gyaru, layinsa ne ke yoyo. A fesa ruwa a mahaɗar manifol da kan inji a saurari canjin murya. Ruwa ya fi aminci, fesa fetur a kan inji mai zafi cikin ranar Afirilu neman gobara ne. Mai agogon auna zuƙar iska ya duba: inji mai lafiya yana ba da inci 17 zuwa 22 a ralanti, allura a tsaye. A duba kuma bawul ɗin EGR, mai mayar da hayaƙi cikin inji. Ya kamata ya rufe ruf a ralanti. In gawayi ya tokare shi a buɗe, mota za ta yi gudu lafiya ta mutu a kowace tsayawa.

Na'urar diyagnostik tana taimakawa ko da fitilar inji ba ta kama ba. Motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 suna da soket ɗin OBD2, inda ake jona na'urar. Lambar P0505 ko P0506 tana nuna tsarin ralanti, P0171 ƙarancin mai ko yawan iska, P0300 tsallen wuta, P0335 sansar karanshaf, P0500 sansar gudu. Wannan ta ƙarshe ana yawan mantawa da ita: kwamfuta tana amfani da ita don ta riƙe juyi sama kaɗan har mota ta tsaya, don haka motar da agogon gudunta ya mutu kuma take mutuwa wajen tsayawa, a gyara agogon tukuna. A tsofaffin Toyota da ba su da wannan soket, ana haɗa ramukan wuta biyu da aka rubuta wa TE1 da E1 a ƙaramin akwatin bincike, a buɗe kontak, a ƙirga ƙyaftawar fitilar inji. Lamba tana nuna layin da za a bincika ne, ba ta ce a sayi sansa ba, sau da yawa waya ce ta tsinke ko soket ya yi datti.

Abin da ya fi lamba amfani shi ne ƙididdigar da na'ura take nunawa inji yana aiki. Idan gyaran mai na kwamfuta, wato ƙarin man da take yi, ya haura kashi 10 cikin ɗari a ralanti, ya sauko idan aka kai juyi 2500, ɓarauniyar iska ce. Idan ƙaruwa yake yi da juyi, a dubi famfon mai ko sansar auna iska. Sansar totur ya kamata ta ba da kusan rabin volt a rufe, ta hau sumul zuwa sama da volt 4 a buɗe. Sansar zafin ruwa kuwa tana auna kusan ohm 2000 zuwa 3000 a digiri 20, ta sauko kusan 300 a digiri 80. A nan dole a ambaci al'adar cire tamostat, bawul mai daidaita zafin ruwan inji, da sunan maganin zafi. Injin da aka cire wa shi yana jinkirin kaiwa zafin aikinsa, kwamfuta ta yi ta ƙara mai kamar da sanyin safiya, buji su yi baƙi, gawayi ya taru, ralanti ya lalace. Idan mota tana zafi, lagireto da fanka da famfon ruwa za a gyara, tamostat a bar shi a wurinsa.

Mai da wuta

A lura da tanki. Motar da take mutuwa wajen birki idan mai ya yi ƙasa da kwata, ta daina idan an cika, man ne yake gudu gaba ya bar bakin famfo, ko ragar famfon ta toshe. Yawo kullum da lita biyu ko uku yana gajiyar da famfo, domin man ne yake sanyaya shi. A auna ƙarfin mai da agogo, yawancin motocin injekta na wannan aji suna tsakanin bar 2.5 da 3.5. Inda regileta, mai daidaita ƙarfin mai, take da ƙaramin tiyon iska, a zare shi a shinshina, in akwai fetur a ciki robarta ta fashe, inji yana shaƙewa da mai a ralanti. In ana zargin ruwa ko datti, a ɗebi man a kwalba mai haske a ajiye minti goma, ruwa zai kwanta a ƙasa.

A cire buji a jera su yadda suke a inji. Launin ƙasa-ƙasa lafiya ne, baƙi mai bushewa yawan mai, fari fat ƙarancinsa, jiƙewa da baƙin mai kuma daga cikin inji ne. Tazarar bakinsu yawanci milimita 0.8 zuwa 1.1 ce gwargwadon mota. Batir a kwance ya ba da volt 12.4 zuwa 12.6, inji yana aiki kuma 13.8 zuwa 14.5. In yana faɗuwa ƙasa da 13 idan an kunna fitilu da fanka, altaneta ko bel ɗinsa ne. A girgiza kawunan batir da hannu, a duba ko batir yana ɗaure, domin wanda yake zamewa gaba a kowane birki yana jan wayoyinsa. A bi wayar mas da ke haɗa inji da jikin mota a kankare tsatsa. Inji yana ralanti, a girgiza damin wayoyi da makullin kontak, in ya yi tari an samu wurin.

Motar karburata

A tsofaffin Starlet da Peugeot 504 da 505 masu karburata, ralanti yana da tasa ƴar hanyar mai da nata jiklar, wato ɗan sukuru mai rami da mai ke bi ta cikinsa, raminta ya kai kusan rabin milimita, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe ta. Alamarta ita ce mota tana aiki in ana ba ta wuta ko an ja cok, tana mutuwa da an saki. A cire jiklar a hure ta da iska, kada a zura mata waya, tana faɗaɗa ramin. Akwai kuma ɗan bawul na wuta da ke rufe wannan hanya idan an kashe mota. A buɗe kontak, a zare wayarsa a mayar, ya kamata a ji ƙas. In shiru, ko wuta ba ta zuwa ko ya mutu. Fulota, wato abin da ke yawo a kan mai yana daidaita yawansa a cikin karburata, idan ta yi sama da yawa tana sa mai ya malale cikin maƙogwaro wajen birki, mota ta mutu da warin fetur, ta tashi da baƙin hayaƙi. A duba kuma gindin karburata ko notuna sun saki, da wasan sandar papiyon, da ɗan gwangwanin da ke hana totur rufewa farat ɗaya in motar tana da shi. A daidaita lokacin wuta a dalko, mai raba wa buji wuta, tukuna, tazarar filatin da ke cikinsa a 504 milimita 0.4 ce. Bayan wannan ne ake taɓa sukurun mai da na ralanti, inji da zafi. A karburata, daidaita su aiki ne halal, amma shi ne na ƙarshe.

Cikin inji, da motar gazuwal

In duk wannan lafiya, a auna matsin silinda. Injin fetur mai lafiya yakan ba da bar 10 zuwa 13, bambancin silinda da silinda kada ya wuce bar 1. Bawul da suka matse suna sa mota ta yi kyau da safe ta riƙa mutuwa da zafi. Bel ɗin tamin da ya tsallake haƙori ɗaya shi ma yana kashe ralanti. A Corolla mai injin VVT-i, bawul ɗin mai da ke juya kamshaf yakan maƙale saboda dattin man da ya daɗe ba a canza ba, sai mota ta mutu bayan doguwar tafiya da an zo tsayawa. A cire shi da ƴar ragarsa a wanke, a canza mai.

A Hilux masu injin 2L, 3L da 5L, babban abin zargi shi ne iska a layin gazuwal. A danna famfon hannu da ke saman filta, in ya daɗe bai yi tauri ba, iska tana shiga. A sa ɗan tiyo mai haske tsakanin filta da famfon injekta a ga ko kumfa na wucewa, a zubar da ruwan da ke gindin filta, a canza ta in ta daɗe. A Hilux mai injin D-4D, bawul ɗin SCV da ke bayan famfon mai, mai daidaita yawan gazuwal da ke shiga famfon, sananne ne wajen maƙalewa ya kashe mota wajen tsayawa, kuma ana canza shi shi kaɗai ba sai da famfon ba. A irin wannan inji matsin mai yana wuce bar 1000, ba a kwance bututun injekta inji yana aiki, feshinsa yana huda fata.

Duk abin da aka gyara, a gyara ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba, don a san wanda ya yi maganin. Gwajin ƙarshe a yi shi da rana, inji da zafi, kilim da fitilu a kunne: a kai kilomita 50, a tsaya da birki mai ƙarfi, kuloci a take, ana juya sitiyari kamar za a shiga kwana, a maimaita sau da yawa. Allura tana iya ɗan nutsewa, amma ta farfaɗo da kanta ta zauna a ralanti ba tare da an taɓa totur ba.